Fuskar Ƙanena a Jikin Riga

Shafi na 23

Masu turo min saƙo wai "Nangala ki bar wa Allah", na gani, na kuma gode. Ba ƙanenku aka binne ba. Ku gyara zama kawai.

*

Ranar Asabar da hantsi motar Elwyn ta shigo Mulyarri. Yara suka bi ta a guje har filin ƙwallo, karnuka na bin yaran. Ni ina tsaye a ƙofar ofishin gari, inda nake aiki, da kofin shayi a hannu. Rabon da shayi ya yi min daɗi irin na ranar har na manta.

Elwyn Japangardi ke nan. Shekara goma sha ɗaya yana buga ƙwallo a Melbourne, babu yaron garin nan da bai san lambar rigarsa ba. A lissafin dangi kawuna ne, ƙanen Innarmu, ko da yake na girme shi da wata bakwai, kuma na sha zane shi muna yara. Yanzu ya ajiye wasa, ya koma bin garuruwa yana zaɓen yara masu ƙafa yana kai su makaranta a kudu. Abin koyi, in ji 'yan jarida.

Haka ya ɗauki ƙanena shekara uku da suka wuce, yaron yana da sha bakwai. Babanmu ya rasu ranar Laraba. Ƙanena na da wasan gwaji ranar Asabar. Elwyn ya dunƙule labarin a bakinsa har sai da aka tashi wasa. Kafin yaron ya iso an yi kukan farko, mata sun yanke gashi, an share sawun Baba da ganye, duk babu ɗansa namiji tilo a wurin. Ba wanda ya ce masa ƙala, kallo kawai ake bin sa da shi. Bai koma kudu ba, bai sake taɓa ƙwallo ba, sai yawon mota kamar mai neman abin da ya yar. Wata goma sha huɗu da suka wuce motar ta kife da shi a hanyar garin Alice.

Tun ranar sunansa ya rufu. Kumanjayi muke ce masa, kamar kowane mamaci. An kwashe hotunansa, mun tashi daga gidan, takwarorinsa biyu sun sake suna. Inna kuwa ta rufe baki, da hannu take magana, yadda uwar da ta rasa ɗa take yi har dangi su buɗe mata.

To yanzu Elwyn ya dawo, kuma 'yata yake so. Tarnisha, 'yar sha shida, wadda in ta yi tsalle sai ta taka kafaɗar namiji ta cafe ƙwallo, don irin tamu da hannu ake cafewa.

Shi kaɗai ya tako zuwa ofis, ya cire hula tun daga nesa.

"Nangala."

"Kawu abin koyi. An sha hanya."

"Yaya jikin Yayata? Ta buɗe baki?"

"Me za ta ce? Ko kana da wani labarin da ka riƙe mata ne?"

Ya sunkuyar da kai yana murza hular.

"Na zo ne a kan Tarnisha. Ba zan ɗauke ta ba sai da yardarki. Ba yadda ake yi da ba ne yanzu. Akwai uwar ɗaki 'yar garinmu a makarantar, kuma in aka yi rasuwa, ranar za a sa yaro a jirgi. Ni na sa aka rubuta wannan dokar."

"Ka kyauta. Yaushe hankalin ya zo?"

"Nangala, yarinyar nan tana da abin da ni ban da shi."

"Shi ma haka ka ce."

"Na sani."

"To je ka yi taronka, Kawu. Jama'a na jiranka. In ka gama raba wa yara rigunan ƙwallo sai mu yi magana."

Ya ɗago ya dube ni, don bai taɓa jin na yi masa magana da laushi haka ba. Har murmushi na yi masa. Ya tafi da sauri kamar yaron da aka yafe wa laifi.

Bari in faɗa muku abin da ke cikin kwalayen rigunan nan, tunda na sha ce muku ina da shiri.

Wata biyu kafin nan saƙo ya shigo kwamfutar ofis daga Madam Bronwyn, Baturiyar da ke tafiyar da gidauniyar Elwyn. Mace mai kirki, irin kirkin da ba ya tambaya. Wai ta ji labarin yaronsu na farko da ya rasu, tana so a buga hotonsa da sunansa a rigunan bana don tunawa da shi, in iyali sun yarda. Ga takarda, a sa hannu.

Na karanta sau uku. Abin da ya kamata in rubuta bai fi layi ɗaya ba: kul, ba ma yin haka. Sai na tashi na rufe ƙofa. Na buɗe wayata, na nemo hoton da ya kamata in goge tun ranar rasuwa, wanda yake dariya da giɓin haƙorinsa. Na tura mata. Na sa hannu. Na ƙara da cewa ta taimaka kar ta gaya wa Elwyn, ya zama bazata, zai ji daɗi ƙwarai.

Na san takardar tana wurinta. Na lissafa cewa in kuka ya tashi ba mai tsayawa sauraron Baturiya, za a kore su kafin ta buɗe jaka. Abin da nake so ɗaya ne, kar wata uwa ta sake miƙa wa mutumin nan ɗanta, kuma tawa 'yar ta gan shi yadda nake ganinsa.

Da azahar gari ya hallara a fili. An binne wutsiyoyin kangaru a garwashi, ƙamshi ya cika wuri. Tsofaffi maza suna rumfarsu, mata suna tasu. Inna na zaune a tsakiyar matan, kanta a aske, ragowar farar ƙasar makoki a goshinta. Tarnisha ce ta lallaɓo ta ta fito, karon farko tun rasuwar.

"Kaka, ki zauna nan gaba," in ji ta. "Ki ga yadda ake sa riga, ba irin buhun da kike sawa ba."

Inna ta ɗaga yatsu biyu ta juya tafin hannu, wato mai ƙafar zalɓe ma ta samu baki. Matan suka kwashe da dariya. Nan ne kawai gabana ya ɗan faɗi. A duk lissafina na wata biyu ban sa Inna a sahun gaba ba.

Na zo kusa da ita na ce, "Inna, rana ta yi zafi. In mai da ke gida?"

Ta kaɗa hannu, wato in ba ta wuri.

Na ba ta wuri. Ku rubuta wannan a kaina, ban musa ba.

Elwyn ya karɓi lasifika. Ya iya baki, wannan kam ba a ƙwace masa ba.

"A filin nan na koyi ƙwallo, ba takalmi," in ji shi. "Ga tabon nan a ƙafata, wayar shinge ce ta yanke ni a bayan ragar can. Duk wanda ya ce muku ɗan Mulyarri ba zai iya ba, ku nuna masa ni. Amma ku ji da kyau, ƙwallo ba ta fi gida ba. Na koyi wannan da wuya."

Aka yi tafi. Na tofar da yawu.

Aka jawo kwalaye uku, Madam Bronwyn ta yanke su da wuƙa tana ta fara'a. Kowace riga a naɗe cikin ledarta. Elwyn ya zaro ta farko ko dubawa bai yi ba.

"Kyaftin ɗin 'yan mata, Tarnisha Napaljarri!"

Ta fito tana rangaji, ƙawayenta na ihu. Ta yage ledar, ta zura rigar ta ka. Sauran yara ba su jira kira ba, suka yi wa kwalayen rubdugu, kowa na zura tasa. Tarnisha ta nufi rumfar mata, ta tsaya gaban kakarta, ta juya baya don ta nuna mata lamba.

Ba lamba ba ce a bayan. Fuskarsa ce, babba, daga kafaɗa zuwa ƙugu, yana dariya da giɓinsa. A ƙasa ga sunan da manyan baƙaƙe.

Kowa ya zuba wa rigunan ido. Yara talatin, fuskarsa talatin, duk inda ka juya yana kallonka.

Madam Bronwyn ta ɗauka mamaki ne ya kama mu. Ta ɗauki lasifika tana share hawayen daɗi.

"Wannan kyauta ce daga gare mu, don tunawa da ɗanmu..."

Ta faɗi sunan. Cikakke, a lasifika, har ya dawo daga bangon makaranta. Ba zan rubuta shi ba.

Wata tsohuwa ce ta fara, kuka mai tsawo daga maƙogwaro, sai rumfar mata gaba ɗaya ta ɗauka. Wasu suka kifa fuska a ƙasa, wasu na dukan kansu da gwangwanin shayi. Iyaye suka ruga suna fizge riguna daga jikin 'ya'yansu, ƙanana na tsala ihu ba su san laifinsu ba. Tarnisha na ta juyi tana ƙoƙarin ganin bayanta.

"Mene ne? Mama, mene ne a bayana?"

"Cire! Cire ki kifa ta!"

Ta cire, ta gani, ta saki rigar kamar ta taɓa garwashi.

Na dubi Elwyn. Wallahi na dube shi sosai, don wannan fuskar na yi wata biyu ina jira. Bakinsa a buɗe, wata rigar cikin leda a hannunsa, ya yi fari fat kamar an watsa masa toka. Na ji wani sanyi ya ratsa ƙirjina. Daɗi ne, ba zan yi muku ƙarya ba.

Kawu Silas ya miƙe daga rumfar maza. Shi ne babban wan Inna, ciki ɗaya, kuma in ya miƙe ba mai zama. Ya tako a hankali da sandarsa har gaban Elwyn.

"Japangardi."

"Na'am, Yaya."

"A ina aka haife ka?"

"A nan."

"Wa ya kai ka daji ya mai da kai namiji?"

"Kai ne."

"To ni na koya maka wannan?"

"Ban san abin da ke cikin kwalin ba, Yaya. Wallahi ban sani ba."

"Motar wa ta kawo shi?"

"Tawa."

"Hannun wa ya miƙa wa yarinyar?"



Nan na shiga. Ban yi niyyar ɗaga murya ba, amma abin da na haɗiye shekara uku ya taso gaba ɗaya.

"Bai sani ba! Kullum bai sani ba! Ran da Baba ya rasu ma bai sani ba ne? Faɗa musu, Kawu abin koyi. Faɗa musu Laraba. Faɗa musu Alhamis da Juma'a, kana zaune da yaron kuna cin abinci, kana ɗaure masa takalmi, ubansa na kwance a nan!"

"Nangala..."

"Kar ka kira ni! Ka ci shi da rai, yanzu ka dawo ka buga fuskarsa a riga ka yi talla da shi. Su wa za su gani? Turawan da ke tafa maka? Ka ce musu ga yaran da na taimaka wa, ga wanda ya mutu ma ban manta da shi ba!"

"Ba haka ba ne."

"To yaya ne? Ga jama'a, yi bayani. Me ya sa ka ɓoye masa?"

Ya ɗago ido, ba ni ya duba ba, rumfar mata ya duba. Sai ya mai da kai ƙasa.

"Ni na ɓoye. Ba ni da abin cewa."

"Kun ji ko? Kun ji da kunnenku!" Na juya ga iyaye mata. "Wace ce a cikinku za ta ba shi ɗa? Ta ɗaga hannu in gani!"

Ba hannun da ya tashi. Wata ta jawo ɗanta ta tura shi bayanta.

Tarnisha ta riƙo hannuna tana kuka.

"Mama, ƙila kuskure ne. Ai kin ga shi ma ya firgita."

"Ke rufe min baki. Kudu kuma kin gama zuwa. Ko gawata ba za ta yarda ba."

Ta sake ni. Yadda ta dube ni ya yi min ciwo, amma na ce a raina gara ta tsane ni tana gida.

Kawu Silas ya buga sanda a ƙasa.

"Ba yaron da zai bi ka, bana ko baɗi. Motarka ba za ta sake shigowa garin nan da sunan ƙwallo ba. Amma kafin ka tafi, ka san doka. Ka buɗe abin da aka rufe a gaban uwar mamaci. Sai an sauke maka sanda a ka."

"Na sani."

"Nangala, ke ce yayar mamacin. Ke za ki fara."

Wata gwaggo ta miƙo min sandar faɗa ta mata, baƙa, mai nauyi, ta sha hannu har tana ƙyalli. Madam Bronwyn ta fara ihu wai za ta kira 'yan sanda, ba wanda ya ko waiwaye ta. Elwyn ya ce mata ta yi shiru. Ya ajiye hularsa, ya durƙusa a jar ƙasar da ya koyi ƙwallo, ya miƙo min tsakiyar kansa.

Mutumin da dubban mutane ke kiran sunansa a filin Melbourne, ga shi a gwiwa a gabana. Na gyara tsayuwa. Na kama sandar da hannu biyu na ɗaga sama.

"Ajiye."

Muryar ta fito a shaƙe, kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba. Ban gane ta ba da farko. Sai da na ga matan rumfa sun daina kuka sun zuba wa wuri ɗaya ido.

Inna ce. Ta miƙe tsaye. Wata goma sha huɗu ba a ji muryarta ba, kuma ba wanda ya buɗe mata baki.

"Yaya, kar ki yi," in ji Elwyn daga durƙushe. "Don Allah ki zauna. Na ɗauka."

"Ka ɗauka ya isa." Ta yi tari, ta dafa kafaɗar wata. "Nangala, na ce ki ajiye."

"Inna, mutumin nan..."

"Ni na kira shi ranar Laraba."

Hannuna ya tsaya a sama.

"Daga wayar asibiti na kira shi, gawar ubanku ba ta huce ba. Ya ce zai sa yaron a jirgi da yamma. Na ce a'a. Na ce ubansa ya mutu yana zancen wasan Asabar ɗin nan, a bar shi ya buga. Ya roƙe ni, ya ce Yaya mutane za su ci naman yaron nan. Na ce ni ce uwarsa. Na sa shi ya rantse ba zai faɗa wa kowa ni ce ba."

 

"Shekara uku kina zaginsa ina ji. Ɗana ya mutu yana jin haushin kawunsa, ni kuwa yana kawo min itace. Na ji tsoro ne. In akwai kan da za a fasa a kan Laraba, ga nawa."

Sandar ta yi min nauyi. Ban ajiye ba, ban kuma sauke ba. Zuciyata na cewa ƙarya ne, tana kare ƙanenta ne kawai. Amma na san muryar uwata in tana faɗin gaskiya.

Kawu Silas ya dubi ƙanwarsa. Sannan ya juya, ya nuna rigunan da ke kife a ƙasa da bakin sandarsa.

"Wancan na Laraba, za mu zauna a kansa. Wannan fa? Wannan na yau ne. Wani ya ba da hoton nan. Hoto ba ya tashi daga kabari."

"Ai abin da nake ta son faɗa ke nan!" Madam Bronwyn ce, fuska jage-jage da hawaye, tana kokawa da zip ɗin jakarta. "Ban yi gaban kaina ba. Na tambaya! Iyali sun yarda, su suka turo hoton. Ga takardar, da sa hannu da komai!"

Elwyn ya ɗago kai. Ya dubi takardar, ya dube ni. Na ga lokacin da ya tuna murmushin da na yi masa da safe.

"Bronwyn, mai da ita jaka," in ji shi da sauri. "Ba a bukata. Laifina ne, ban duba kwali ba. Nangala, sauke sandar a gama."

"Kawo nan," in ji Kawu Silas.

Ya karɓa, ya nisanta ta da idonsa, ya matso da ita. Kawu bai yi boko ba. Ya waiga yana neman mai karatu, idonsa ya tsallake ni, don hannuwana biyu na kan sanda.

"Napaljarri. Ke ce mai zuwa makarantar kudu. Zo ki karanta mana da ƙarfi, kakarki ta ji."

Tarnisha ta share ido da bayan hannu, ta karɓi takardar. Ta fara daga sama, a hankali, tana tsallake sunan inda ya fito. Ta gangaro layi bayan layi har ƙasa.

Sai ta tsaya.

Wannan sa hannun ta san shi. Shi ne a kan kowace takardar makarantarta tun tana aji ɗaya.

"Karanta mana," in ji Kawu Silas. "Wa ya sa hannu?"

Ta ɗago kai ta dube ni, ga sanda a sama a hannuna.

"Mama?"